Saura Guga

Tela ya ɗaga ƙafarsa daga kan keken ɗinki, sai a lokacin ya gane abin da ke sosa masa rai tun safe. Gidan ya yi shiru.

Shagonsa ɗakin gaba ne na gidan, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana shiga falo, don haka shekara biyar ke nan yana ɗinki da kunne ɗaya a cikin gida. 'Yarsa tilo ba ta magana, amma ba ta san zaman shiru ba. In ba tana buga murfin tukunya a ƙasa ba, to tana tsakiyar falo ta ware hannuwa tana juyi har sai jiri ya kayar da ita. Kakarta ce ta fara ce mata Fanka. Uwar ta yi wata guda tana fushi da sunan, ranar nan aka kama ta tana kwaɗa shi da bakinta, shi ke nan ya bi yarinyar.

Lamarin Fanka sai wanda ya zauna da ita. Ɗan ƙyallen da ake maƙalawa a wuyan riga, in ya taɓa fatarta, ihun da za ta yi sai maƙwabta sun leƙo. Amma bara ta taka allura a shagon nan, ta wuni tana yawo da ita a tafin ƙafa, ko uhum ba ta ce ba, sai wajen wanka uwar ta gani. Tun daga ranar Tela ya san 'yarsa ba ta kai ƙarar ciwo. In abu na cin ta, sai dai kai ka nemo shi.

Duk ranar Talata sukan kai ta asibitin yara wajen wata malama mai koyar da iyaye irin wasan da ya dace da yara kamar Fanka. Kafin su san ta sun sha kayan haushi. Sun sayi motar wasa mai jiniya da fitilu, yarinyar ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa har la'asar. Sun sayi 'yar tsana mai gashi, kwana biyu ta tauna kan ya koma tal.

"Ku daina zaɓa mata da idonku," in ji Malama. "Ita da hannu take gani, da baki take tambaya. Ku ba ta ruwa da soso, ku ba ta abin matsawa, abin ja, mai kaushi da mai santsi. Amma duk abin da zai shige bakinta kar ya shiga hannunta. Batirin agogo da mayen ƙarfe kuwa ko a mafarki. Shi mayen ƙarfe in ya kai biyu a cikin yaro, neman juna suke yi, ba ruwansu da abin da ke tsakani."

Tela ya gyaɗa kai, amma rabin hankalinsa ya riga ya tafi yankan yadi. A hanyar gida ya ce zai ɗinka mata littafi na yadi, kowane shafi da abin da hannu zai ji.

"Tela ke nan," matarsa ta ce. "Labulen ɗakina da ka auna tun ina amarya ma yana gaishe ka."

Wannan karon kuwa ya ba ta kunya. Ya yi shafin zif, dogo da gajere. Ya yi shafin karammiski gefe da buhu. Ya ɓoye leda a tsakanin atamfa biyu don ta riƙa ƙara in an murza. Shafin ƙarshe shi ne abin alfaharinsa: tafki na shuɗin yadi, da kifaye huɗu masu ƙiba, waɗanda in ka ɗora su sai su manne, in ka ja sai su yi ɗan gardama kafin su saki. Ya san Fanka da son abin da ke ja da ita. A ƙarƙashin tafkin ya shimfiɗa 'yan faifan ƙarfe, a cikin kowane kifi kuma ya sa ƙwayar mayen ƙarfe ɗaya, irin wanda ake sa wa murfin jakar mata. Girman kowanne bai wuce ƙwayar magani ba, amma in biyu suka kama maka fatar yatsa sai ka yi salati.

Bai manta da maganar Malama ba. Tana faɗo masa ya ture ta. Malama ta san yara, shi kuma ya san zare. Shekara ashirin da biyu yana kan keke ba a taɓa dawo masa da wando an ce ya farke ba. Zai ninka yadin uku, ya bi shi da keke sau biyu, ko kare ba zai fasa ba balle haƙorin yarinya. Matarsa ce dai bai gaya wa abin da ke cikin kifayen ba, don ya san in ta ji, maganar ta mutu a wurin.

Sai dai Tela yana da ƙa'ida, wadda ubangidansa ya koya masa da rankwashi: ba a hawa keke sai an gwada. Komai sai ya fara kama shi da farin zare, da hannu, manyan tsalle, ɗinkin gwaji wanda ja ɗaya ke zare shi. So yake ya zaunar da yarinyar a gabansa ya ga ko kifin ya yi wa hannunta girma, sannan ya rufe. Yana cikin haka aikin kayan makaranta ya faɗo masa, riga da wando na aji uku cur. Ya tura littafin ƙarshen tebur, kifayen na kan farin zare.

Ranar Laraba shugaban makarantar yana tsaye a kansa yana zazzaga faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, matarsa ta leƙo ta ƙofar falo.

"Baban Fanka, littafin nan fa? An gama?"

"An gama, saura guga," ya ce, ko waiwaye bai yi ba.

Amsar da yake ba kowa ke nan. Ya ba ango, ya ba mai zuwa neman aiki, ya ba mutumin da yadinsa ke ninke a leda ko alli bai gani ba. Bakinsa kan faɗe ta ba tare da ya nemi shawararsa ba, kuma kafin ƙofar ta rufu ya manta ya faɗa.

Yau Juma'a, an kwashe kayan makaranta. Ya miƙe ya yi miƙa, ya ce bari ya ƙarasa kifayen nan tunda gidan ya yi lafiya. Ya ɗaga ragowar yadin da ke ƙarshen tebur, babu. Ya duba ƙarƙashin tebur, ya zazzage buhun ƙyallaye, ya buɗe durowar da ko rabin littafin ba zai shige ta ba. Sannan ya tsaya cak da almakashi a hannu, yana sauraron shirun nan, wanda ɗazu ya ɗauka lafiya ce.

Ya tarar da matarsa a falo ta miƙe ƙafa a kan kujera tana yanke farce. Rabon da ya gan ta zaune haka da rana har ya manta. Fuskarta ta washe, kamar an rage mata shekara biyar.

"Kai dai Allah ya yi wa hannunka albarka," ta ce. "Shiru na yi in ga yaushe za ka lura. Ka ce saura guga, na ce wannan ai ba sai na jira tela ba. Na ɗauka na goge abina, tun shekaranjiya yana hannunta. Baban Fanka, jiya har barcin rana na yi. Ni!"

"Duka shafukan?"

"Duka mana. Kifayen nan kuwa kamar ta haɗiye su don so."

Ya yi dariyar yaƙe, don bai san ta inda zai fara rushe mata wannan fuskar ba.

"Tana ina?"

"Tana ɗaki, kwance. Yau ba ta da kuzari, ta ƙi karyawa, ɗazu ta ɗan yi amai. Ina jin gajiya ce, kwana biyu ba ta ajiye abin nan ba. Don Allah kar ka tashe ta."

Ɗakin a buɗe yake. Fanka na kwance a gefen gado ta naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, idonta biyu, tana kallon bango. Littafin na ƙasa, buɗe a shafin tafki. Ya tsuguna ya ɗauka. Kifi ɗaya na manne a wurinsa, cikinsa da tauri. Sauran ukun suna warwatse a kan darduma, sun jiƙe da yawu sun bushe sun ƙanƙance, farin zare na reto a bakinsu. Ya matsa na farko tsakanin yatsu, fanko. Na biyu, fanko. Na ukun ma ya san amsar, amma sai da ya juya shi ciki waje.

"Fanka," ya ce a hankali. "'Yar baba. Ina abin ciki?"

Ba ta juyo ba. Da ma ba ta juyowa, sai dai yau ko yatsunta ba sa kaɗawa.

Uku suka fita. Ƙila suna ɗakin nan, ya gaya wa kansa, ai yaro zubarwa yake yi. Ya zaro allurar da ke soke a gaban rigarsa, da guntun zarenta, ya kama ƙarshen zaren ya bar allurar tana lilo. A shago da mayen ƙarfe yake tsince allurai, yau kuma allura ce za ta nemo masa shi. Ya durƙusa ya bi darduma taku-taku, yana sassauta zaren har allurar ta kusa taɓa ƙasa. Ya bi gindin bango, ya bi bakin ƙofa, ya bi ƙarƙashin durowa. Da ya kai ƙafar gado sai zaren ya fizge daga hannunsa, allurar ta manne ƙyas. Ga ƙwaya ɗaya nan ta kama ƙarfen gadon ta ciki.

Ya sauke ajiyar zuciya har sai da idonsa ya kawo ruwa. Tunda ga ɗaya, sauran ma suna nan. Ya ɓamɓare ta ya kai can kan taga ya ajiye, ya dawo ya sake bin ɗakin daga farko. Ya ɗage katifa ta gefe, ya kakkaɓe zanin gado, ya bi takalmanta ɗaya bayan ɗaya. Ya fita falo yana rarrafe.

"Me ka yar?" matarsa ta tambaya tana ɗage ƙafa.

"Wani ɗan abu ne na shago."

"Kai da abubuwan shagonka. Ka tabbata ka tsince, ka san 'yarka." Ta miƙe. "Bari in haɗa mata shayi ko za ta sha."

Ya ji takunta ya shige kicin, ya ji ƙarar ashana. Ya gama falon, ya gama lungun banɗaki, babu komai sai wani tsohon makulli. Wuri ɗaya ya rage a gidan nan da bai duba ba, kuma tun da ya matsa kifi na biyu ya san da wurin. Ya koma ɗakin.

Ya durƙusa a gaban gado. Goshin yarinyar ya yi gumi, leɓenta ya bushe, numfashinta gajere-gajere. Rigar da ke jikinta shi ya ɗinka, mara ƙyalle a wuya, ɗinkin a waje don kar ya taɓa ta. Ya ɗaga zaren ya sauke allurar a gefen cikinta, tazarar yatsa biyu.

Allurar ta karkata.

Hannuna ne ke rawa, ya ce a ransa. Ya kafa gwiwar hannu a kan katifa, ya riƙe wuyan hannun da ɗaya hannun. Ta sake karkata. Ya tashi ya rufe taga ko iska ce, ya dawo. Ya gwada wajen ƙirjinta, allurar ta tsaya tsaye, ya gwada wajen cinya, haka nan. Ya dawo da ita ƙasan cibiya, ta ɗan dama, tsininta ya ɗaga a hankali ya tafi ya kwanta a jikin rigar, ya zauna. Da ya ja zaren sai da ta yi ɗan gardama kafin ta saki.

"Me kake yi mata?"

Matarsa na bakin ƙofa da kofi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Idonta ya bar allurar ya sauka kan kifayen da ke ƙasa, ya dawo kansa.

"Maman Fanka, akwai mayen ƙarfe a cikin kifayen."

"Akwai me?"

"Huɗu na sa. Ɗaya na cikin kifi, ɗaya na tsinta. Biyu ban gani ba."

"Mayen ƙarfe. Wanda Malama ta ce." Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, kamar shi ne abin da zai fashe. "To ta yaya suka fito? Ba ka ɗinke ba?"

"Ɗinkin gwaji ne. Ban hau keke ba."

"Na tambaye ka. A gaban mutum na tambaye ka."

"Kin san yadda muke faɗa..."

"Muke faɗa? Wa kake faɗa wa? Ni na kawo maka yadi?" Muryarta ta karye. "Na ga farin zaren, wallahi na gan shi. Na ɗauka ado ne ka yi musu. Ni na goge shi da hannuna, ni na miƙa mata, na je na kwanta na yi barci. Ka sa na yi barci!"

Ya miƙa hannu zai ɗauki yarinyar, uwar ta ture shi da kafaɗa ta sunkuce ta da kanta. Da cikin ya matsu a jikinta Fanka ta yi wani ɗan sauti, siriri, wanda ba su taɓa ji daga bakinta ba.

Maƙwabcinsu mai tasi ya dawo cin abincin rana, ya bar kwanon a buɗe ya ɗebe su. Hanyar ba ta da nisa, amma kowace danja sai da ta tsayar da su. Matar na baya da yarinyar a cinya tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Tela na gaba, ya damƙe kifi na huɗu a tafin hannu, don ya nuna wa likita irin abin.

A asibiti da ya ambaci mayen ƙarfe, ya ce biyu, ya ce tun shekaranjiya, ma'aikaciyar da ke rubuta suna ta ajiye biro ta miƙe. Ba a ce su bi layi ba, wannan ma ya ƙara tsinka masa zuciya. Aka shiga da uwa da 'ya ɗakin hoto, shi aka bar shi a kan benci, a ƙarƙashin wani zanen raƙumin dawa da aka yi don yara su yi dariya.

Likitan da ya kira su saurayi ne, Tela ya girme shi nesa ba kusa ba. Ya ɗaga hoton a jikin fitila. A cikin duhun cikin yarinyar ga wasu fararen ɗigo biyu, ɗaya a kan ɗaya, tsaf kamar an jera.

"Sun haɗu ke nan," Tela ya ce da sauri. "To ai tare za su fita, ko likita?"

"Da tare ta haɗiye su, da ƙila. Duba nan." Ya nuna wani siririn layi tsakanin ɗigon. "Ba su taɓa juna ba. Ɗaya ya riga ɗaya shiga, ya yi gaba, na bayan ya kamo shi daga wani lanƙwasan. Abin da ke tsakaninsu hanjinta ne, ninki biyu."

Ba sai an ƙara masa bayani ba. Kullum aikinsa ke nan, ya kama yadi biyu ya danne su wuri ɗaya. Ya kuma san yadda fatar yatsarsa ta yi ranar da suka cije shi, na daƙiƙa ɗaya tak.

"Ba za mu jira ba," likitan ya ce. "Cikin ya fara tauri, ga zazzaɓi. Sai mun buɗe mun raba su. In wurin ya huje, mu yanke abin da ya lalace mu haɗa."

Aka kawo takarda. Tela ya miƙa hannu, matarsa ta riga shi karɓar biron, ta sa hannu ba ta dube shi ba. Aka turo gado mai taya. Fanka na kai, an sa mata rigar asibiti mai igiya a wuya, igiyar na gogar fatarta, ita kuwa ko motsi. Uwar ta bi gadon tana riƙe da ƙafarta har inda aka ce ta tsaya.

Likitan ya juya zai shiga, Tela ya sha gabansa.

"Likita, in an yanka, wa zai ɗinke?"

"Ni."

Tela ya kalli hannuwan. Yatsu sirara, farce a yanke, babu kanta ko ɗaya. Bai san aikinsu ba, bai taɓa ganin abin da suka ɗinka ba, ba kuma wanda zai tambaya. Yana so ya ce a bi sau biyu, a ja a gani kafin a rufe, kar a yarda da ido. Abin da ya fito daga bakinsa daban ne.

"Ƙarfe nawa za ku gama?"

"Ba na faɗin lokaci, Baba," likitan ya ce. "Sai na ga abin da ke ciki."

Ƙofar ta rufu. Benci ɗaya ne a wurin, matarsa ta zauna a can ƙarshensa ta juya fuska ga bango. Tela ya tsaya yana kallon sauran wurin, mai isar mutum uku, ya rasa inda zai zauna a ciki.